Masu fita da dare a Zariya su daina mayar da waya tocila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Zariya a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato haska hanya da fitilar wayar hannu idan dare ya yi kuma babu wutar lantarki. Daga lungunan cikin birni zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, za ka ga mai zuwa sallar Asuba, da ɗalibin da ya dawo daga karatu, da uwar gidan da ta fito sayen magani, kowa ya ɗaga wayarsa sama tana haske. A wannan zamani na ƙwacen waya, wanda ya yi haka ya nuna wa ɓarawo inda yake, ya kuma nuna masa abin da ya zo nema.

Shawarata ita ce kowane mai fita da dare ya mallaki tocila ta daban, ya bar wayarsa cikin aljihu. Babban amfaninta shi ne hange daga nesa: ƙaramar tocila mai ƙwan LED tana kai haske ƙarshen lungu, alhali fitilar waya, wadda aka yi ta domin ɗaukar hoto, watsa haske take yi a gaban ƙafa kawai. Wanda ya hango mutane a laɓe bayan katanga tun daga nesa yana da damar juyawa ko kiran maƙwabta. A lokacin damina kuma, ita ce za ta nuna masa maciji ko kwata a buɗe.

Akwai wani amfanin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idon ɗan Adam yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma a wannan hali ƙwayar ido a buɗe take sosai. Idan aka dallare wanda ya daɗe yana fako cikin duhu da haske mai ƙarfi, hasken zai kashe masa ido na 'yan daƙiƙoƙi. Waɗannan daƙiƙoƙi na gudu ne da neman agaji da babbar murya, ba na tsayawa a gwada ƙarfi ba. Domin haka ya kamata tocilar ta kasance a hannu tun kafin a shiga lungu, babban yatsa a kan makunni, domin wadda take ƙasan jaka ba ta da amfani a lokacin da ake bukatarta.

Sai dai kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Tocila ba ta tare wuƙa, balle harsashi. Idan 'yan bindiga ne suka shigo unguwa, kunna haske tona asirin kai ne. Kashewa da ɓoyewa ya fi. Haka kuma masu sayen manyan tocilolin ƙarfe da niyyar duka su sani cewa, ko da yake sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince da kare kai, ya gindaya sharaɗin kada ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce abin da hali ya wajabta. Wanda ya fasa kan mutum bisa zato kawai zai amsa tambayoyi a gaban alƙali.

Ladabi ma yana da muhimmanci. A al'adarmu haska fuskar dattijo ko matar wani rashin kunya ne, kuma haska jami'an tsaro ko 'yan sintiri a shingen bincike yana iya jawo fitinar da ba a nema ba. A riƙa haska ƙasa da gefen hanya, sai an ga alamar haɗari a ɗaga.

Game da saye, ina gargaɗi a kan lambobin ƙarfin haske da ake bugawa a jikin kwali, domin da yawansu cika baki ne. A gwada tocila a gaban mai shago, a zaɓi mai batirin caji wadda take kawo cikakken haske da dannawa ɗaya, ba wadda sai an zagaya ta ƙyalƙyali da ja da shuɗi ba.

Ina kuma kira ga masu unguwanni da limamai su yi wa jama'a wannan bayani bayan salla, su tunatar da su lambar gaggawa ta 112, kuma kwamitocin unguwa su haɗa kuɗi su saya wa 'yan sintirinsu tociloli masu inganci.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya