Sabuwar dula ta fara da ungozoma kafin ta kashe kuɗi a talla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafinku na wasiƙu domin mu yi magana da matan da suka kama aikin rakiyar masu naƙuda, waɗanda ake kira dula. Da yawansu suna gama horo cike da zumuɗi, sai wata uku ko huɗu su shuɗe babu wadda ta kira. Daga nan ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen buga takardu masu ƙyalli da biyan talla a Facebook, amma shiru kake ji. Dalili a bayyane yake. Mace ba ta shigar da baƙuwa ɗakin haihuwarta don kawai ta ga hoto mai kyau a waya. Sai wani da ta amince da shi ya ce mata, "kira wance, na san aikinta." Saboda haka muna ganin sabuwar dula ta fara neman yardar masu faɗin wannan kalma, wanda kuwa ƙafa da haƙuri yake ci fiye da kuɗi.

Kafin ki je ko'ina, 'yar'uwa, ki iya bayyana aikinki a numfashi ɗaya, don mutane da dama za su ɗauka ke ungozoma ce. Dula ba ta duba bakin mahaifa, ba ta auna hawan jini, ba ta sauraron bugun zuciyar jariri, ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa. Abin da take yi shi ne tsayawa da mai naƙuda tun daga farko har ta sauka: ta danna mata ƙugu idan ciwo ya taso, ta taimaka mata sauya kwanciya ko yin tattaki, ta tuna mata numfashi, ta jiƙa mata leɓe, ta maimaita mata bayanin ma'aikata da harshen da za ta gane, ta kuma nuna wa mijinta ko 'yar'uwarta yadda za su taimaka. Duk dular da ta bar wannan iyaka a duhu, ungozoma za ta ɗauke ta a matsayin kishiya, kuma ba za ta taɓa tura mata kowa ba.

Akwai hujjar da za ki riƙe idan aka tambaye ki amfanin aikin. Likitocin yara John Kennell da Marshall Klaus suna cikin waɗanda suka fara nazarin wannan rakiya a wani asibiti a Guatemala, aka buga sakamakon a 1980, kuma suna cikin waɗanda suka kafa DONA, ƙungiyar duloli, a Amurka a 1992. A 2017 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, da mata sama da 15,000. An gano cewa matan da aka tsaya tare da su ba yankewa, yiwuwar a yi musu tiyata ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, naƙudarsu kuma ta gajarta da kusan minti 40. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta samu mai rakiyar da ta zaɓa a lokacin naƙuda da haihuwa. Amma ki yi gaskiya wajen kawo waɗannan alƙaluma. Rakiyar da aka auna ta haɗa da ta dula da ta ma'aikatan asibiti da ta dangi, kuma matsakaici ne na dubban mata. Kada ki taɓa yi wa mace alƙawarin cewa ba za a yi mata tiyata ba. Ranar da aka yi mata, ke ce mai laifi a idonta da idon danginta.

To, ta ina za a fara? Ki ɗauki littafi ki rubuta mutum ashirin da mata masu juna biyu ke bi ta hannunsu a inda kike: ungozomomi, ma'aikatan jinya na sashen awon ciki, masu ɗaukar hoton ciki, masu koyar da shayarwa, masu gashin ƙashi da ke duba ciwon baya da ƙugu, masu sayar da kayan jarirai. Ki ziyarci biyu a kowane mako, a mako goma kin zagaye su. Kada ki je ranar awo da safe lokacin da layi ya kai ƙofa, don ba wanda zai saurare ki, kuma za a tuna ki a matsayin wadda ta zo ta ƙara musu aiki. Ki tambayi lokacin da ya fi sauƙi, ki nemi minti goma, ki fara da shugabar sashen. Raba kati ga mata a kan layi ba da izini ba shi ne hanya mafi sauri ta a hana ki shiga wurin gaba ɗaya.

Idan kin samu zama da ungozoma, kada ki buɗe baki da "ki turo min mata." Ki tambaye ta dokar wurin game da masu rakiya: mutum nawa ake bari a shiga, da wane lokaci ake fitar da su, da abin da masu rakiya ke yi da yake ɓata mata rai. Amsar tambaya ta ƙarshe ki rubuta ta ki haddace. Sannan ki gaya mata a fili cewa idan wadda kike rakiya ta kira ki da dare tana zubar da jini, ko kanta na sara gani na dishi-dishi, ko jariri ya rage motsi, amsarki ɗaya ce, ta tafi asibiti nan take. Wannan jimla ta fi duk wani kati daraja a kunnen ma'aikaciyar lafiya, domin babban tsoronta shi ne dular da za ta riƙe mace a gida har lokaci ya ƙure. Bayan wata ɗaya ki sake leƙawa ki gaishe ta. Da wuya a turo miki mace daga ziyarar farko.

Abin da ya fi rushe wannan alaƙa shi ne gardama a ɗakin haihuwa. Sabuwar dula ta karanta cewa ana iya jinkirta wani mataki, sai ta ɗaga murya tana musu da likita a gaban mai naƙuda. Ba hurumin ki ba ne ki yi magana a madadin matar. Ki juya gare ta ki ce, "kina da tambaya kafin a ci gaba?" ki bar ta ta yi da bakinta. Ma'aikatan sashe ɗaya suna hira da juna a kowane canjin aiki, kuma labarin dare ɗaya ya isa ya rufe miki ƙofa ko ya buɗe.

Hanya ta biyu da sababbi ke tsallakewa ita ce dulolin da suka riga su a aikin. Wadda ta yi suna tana mayar da mata saboda hannunta ya cika a watan, kuma kullum tana buƙatar mai tsaya mata idan naƙuda biyu suka haɗu ko rashin lafiya ya kama ta. Ki miƙa kanki ga biyu ko uku a matsayin madadi, ku rubuta yadda za a raba kuɗi tun kafin kira ya zo. Ke ma dole ki samu madadi, kuma matar da ta ɗauke ki ta san sunanta, ko da ta waya suka gaisa.

Batun yin aiki kyauta kuwa, ra'ayinmu shi ne kada ki yi, sai dai ga mabuƙaciyar da kika zaɓa don taimako. Ki yi ragi a haihuwa uku ko biyar na farko, ki faɗi cewa ragi ne da kuma ranar da zai ƙare. Wadda ba ta biya komai ba sau da yawa takan manta ta kira idan naƙuda ta tashi, ke kuwa kin shafe makonni waya a ƙarƙashin matashi, kin ƙi tafiya ko'ina, ga shi ba ki samu gogewa ba, ba ki samu shaida ba. Ki karɓi kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ragowar kafin mako na 37. Yarjejeniyar shafi ɗaya ta isa, muddin ta faɗi yawan ziyara kafin haihuwa da bayanta, lokacin da za a kira ki, da abin da zai faru da kuɗin idan an tsara tiyata, ko haihuwar ta zo da sauri kafin ki iso, ko madadinki ce ta je.

Ɗan kuɗin da kike da shi ki kashe a wuri huɗu: layin waya na aiki kawai, kati guda ɗari mai ɗauke da suna da lamba da jimla ɗaya, kuɗin abin hawa na tsakar dare da aka ware ba a taɓawa, da koyon taimakon shayarwa. WhatsApp Business da shafin sana'a na Google kyauta ne. Tallar da ake biya tana cinye kuɗi ne saboda tana kaiwa ga dubban mutanen da ba su da ciki ko suna nesa. In har za ki gwada, ki taƙaita ta ga nisan da za ki iya kaiwa cikin awa ɗaya.

Idan mace ta tuntuɓe ki, ki amsa a ranar, domin galibi ba ke kaɗai ta rubuta wa ba. Ganawar farko ta zama kyauta, minti 30 zuwa 45, kuma a gayyaci wanda zai biya ko zai shiga ɗakin tare da ita, tunda shakkunsa ne ke kashe magana bayan kin tafi. Ki fi yawan sauraro. Ki tambaye ta yadda haihuwar baya ta kasance, da abin da take tsoro a wannan. Washegari ki aika mata yarjejeniyar, bayan mako ɗaya ki tuna mata sau ɗaya, daga nan ki ƙyale ta.

Ki sani kuma yawancin mata suna ɗaukar dula ne tsakanin wata na huɗu da na bakwai, don haka zirga-zirgar da kika yi yau sai bayan watanni za ta zama haihuwa da cikon kuɗi. Nan ne da yawa ke karaya su ajiye aikin ana gab da fara kiransu. Idan kira ya fara zuwa, kada kwaɗayi ya sa ki wuce mata biyu a wata. Kimanin jariri ɗaya cikin ashirin ne ke zuwa a ainihin ranar da aka ƙiyasta, kuma kowace mace tana riƙe ki daga mako na 38 zuwa na 42. Ki rasa haihuwa ɗaya saboda kin cika hannu, kin rasa duk ƙawayen matar.

Shaidar mai jego ita ce za ta kawo miki ta gaba, amma kada ki nema a kwanakin farko tana fama da ɗinki da rashin barci. Ki bari sai mako uku ko huɗu, ki roƙi layi biyu ko uku da bakinta, ki kuma karɓi izini a rubuce kafin ki saka sunanta ko hoton jaririnta a ko'ina. Idan ta ƙi, ki girmama. Labarin haihuwarta nata ne, kuma ko an ɓoye suna makusanta na iya gane ta.

A littafin nan da kika fara, ki buɗe shafi na biyu. Duk wadda ta kira, ki tambaye ta, "wa ya ba ki lambata?" ki rubuta. Bayan wata shida za ki ga mutum biyu ko uku ne ke kawo yawancin matan. Ki koma wurinsu ki yi godiya, ba tare da bayyana sirrin matar da suka turo ba, ki kuma tambaye su ko akwai abin da suka ji game da aikinki da ya kamata ki gyara.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu aikin rakiyar naƙuda