Takardar faktir ita ce ke rage lampo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu sana'ar kansu a Damagaram, daga ƴan Kasuwar Dole zuwa masu gareji.

Mai biyan lampon dunƙule, wanda ake yanka wa bisa yawan ciniki, ba ruwan DGI, wato hukumar karɓar lampo ta ƙasa, da abin da ya kashe. Amma wanda ake lissafa wa riba ta haƙiƙa, kashi 30 cikin 100 yake biya a kan abin da ya rage bayan an cire kuɗin hayar shago, wutar NIGELEC, albashin yara da man motar aiki. Ke nan duk jika 100 da ya kashe ba takarda, lampon jika 30 ya ƙara wa kansa.

Nan ake faɗuwa. Rasidin hannu da aka yago daga littafi ba ya shiga lissafi. A nemi faktir tabbatacciya mai lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan lampo, ta mai sayarwa. Injin janareto kuwa ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya, ana raba shi ne bisa shekarun aikinsa. Cefanen gida da kuɗin biki, ko kusa, in mai binciken DGI ya gan su a lissafi tara ce za ta biyo.

A adana takardun shekara 10, kamar yadda dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta tanada.

Naka,
Wani mai aikin lissafi, Zinder