Kafin a tura yara lesin a wannan hutun, a tambaye su inda karatun ya tsaya musu

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye 'yan uwana da malaman firamare, tunda ga dogon hutu ya zo kuma kowa ya shiga cigiyar inda zai tura yaransa lesin.

Ni ban ƙi lesin ba, abin da ke damuna shi ne yawancinmu ba mu ma san me yaron ya iya me bai iya ba, kawai an kawo katin sakamako mun duba ya zo na nawa, in na 5 ne a yi murna in na 30 ne a yi faɗa, shi ke nan an wuce wurin. Alhali a 2022 Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF sun fitar da rahoto cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa, a Afirka kudu da Sahara ma abin ya kai kusan 9 cikin 10. Kuma fa da yawansu kullum suna zuwa makaranta, suna ta hayewa aji na gaba.

Yadda abin ke ɓoyuwa ai sananne ne. Malam ya rubuta a allo ya faɗa aji ya amsa gaba ɗaya, wanda bai iya ba ya bi baki, a ce kun gane, duk su ɗaga murya su ce eh malam, wa zai yarda ya zama shi kaɗai ne bai gane ba a yi masa dariya ko ya sha bulala? Ka buɗe littafin yaro ɗan aji 4 ka ga rubutu tsaf shafi guda cike, ka sa yatsa a layi na uku ka ce karanta min nan, sai ya yi tsuru-tsuru yana kallonka, kwafa ya yi harafi bayan harafi kamar mai zane. Wannan yaron in ka kai shi lesin aka ci gaba da yi masa darasin aji 4 ɗin nan dai, wallahi an ƙara masa wahala ne kawai.

Shi ya sa nake cewa a fara da jin ta bakinsa. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a sashe na 12 ta ce yaro na da haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi kuma a ba maganarsa muhimmanci daidai da shekarunsa, wasu in sun ji haka sai su ɗauka ana so yaro ya raina na gaba da shi, ba haka ba ne, shi ne fa yake zaune a ajin ba mu ba. Zauna da shi ba da fuskar tuhuma ba, ka tambaye shi wane darasi ne in malam ya shigo gabanka ke faɗuwa, kuma ka yi haƙuri don ba ranar farko zai sake ba. Wani zai ce daga baya yake zama ba ya ganin allo, wata ta ce yaren da ake darasin ne ba ta ji, wani kuma tun ranar da aka koyar da ɗebewa mai aro ba shi da lafiya bai je ba kuma daga nan lissafi ya kwance masa har yau. Duk waɗannan ba sa fitowa a katin sakamako, kuma kowanne maganinsa daban.

Hutu kansa yana cin karatu. Wani nazari da Harris Cooper da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 1996 ya nuna yara kan yi asarar kusan karatun wata guda a dogon hutu, kuma abin ya fi tsanani a lissafi. Amma gyaran ba sai an mayar da gida makaranta ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana amfani da wata hanya mai sauƙi, a gwada yaro shi kaɗai, harafi ya iya, kalma, 'yan jimloli, ko cikakken labari, sai a fara koya masa daga inda ya tsaya ba daga ajin da yake ba. Kowa zai iya yin wannan a gida da takarda ɗaya da biro, minti 15 ko 20 a rana, a bar shi ya zaɓi labarin da yake so ko da kuwa an karanta shi sau goma, ragowar lokacin ya je ya yi wasansa don shi ma hutun haƙƙinsa ne.

Uwa ko uban da bai yi boko ba kada ya ce ba da shi ake ba. Yaro ya karanta maka ka ce ya maimaita labarin da bakinsa, nan take za ka ji ko ya gane ko bai gane ba, sauran kuma yayarsa ko yayansa su kama.

Masu lesin, don Allah ku gwada kowane yaro a ranar farko ku raba su gwargwadon abin da suka iya. Hedimastoci kuma ina roƙonku, satin farko da aka dawo kafin a buɗe sabon darasi kowane malami ya ware awa guda ya zauna da 'yan ajinsa rukuni-rukuni babu bulala a hannu, ya tambaye su me ya fi ba su wuya a zangon da ya wuce, ya rubuta, ranar taron iyaye da malamai a karanta mana mu ji.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani uba mai 'ya'ya a firamare