Asfirin ga yaro: sai da umarnin likita

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili in yi magana da iyaye da masu kemis kan wani ciwon yara da ake kira Kawasaki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, amma ban san ciwon nan da idona ba sai da ya kama jikana ɗan shekara 3. Zazzaɓi ya ƙi sauka, an ba shi maganin maleriya ba a ga sauƙi ba. Idanunsa suka yi jawur amma ba kwantsa, leɓɓa suka tsattsage, harshe ya yi ja, tafin hannu da ƙafa suka kumbura. Maƙwabta suka ce baƙon dauro ne, a bar shi a ɗaka. Da muka kai shi asibiti, likitar yara ta ce jijiyoyin jininsa ne suka kumbura, kuma abin tsoron shi ne jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Wani likita ɗan Japan, Tomisaku Kawasaki, shi ya fara bayyana ciwon a 1967, kuma ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. In ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyar zuciyarsa kan buɗe ta yi kumburi.

Babban maganin shi ne ƙarin ruwa na IVIG, wato sinadaran garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin da mutane suka bayar, wanda ake so a sa cikin kwana 10 da fara zazzaɓi. Tsadarsa kuwa ba a magana, gwamnati ta dube mu. Tare da shi ake ba da asfirin, da farko don kumburi da zazzaɓi, daga baya a rage shi sosai a ci gaba har mako 6 zuwa 8, don kada jini ya daskare a cikin jijiyar. Hoton zuciya ne ke nuna ko za a daina.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata 'yar'uwa da ta ga jikana ya warware, ɗanta na yin zazzaɓi ta aika kemis a sayo asfirin. Wallahi hankalina ya tashi. Yaron da ke da mura mai zafi ko ƙarambau, asfirin na iya jawo masa ciwon Reye, mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, har ya kai ga rasa rai. Shi kansa jikana an gargaɗe mu cewa in ƙarambau ta shigo gidan, mu koma asibiti nan take, kuma kada a haɗa masa asfirin da ibuprofen.

Masu kemis, don Allah in an zo sayen asfirin ku tambayi wa za a ba, in yaro ne ku nemi takardar likita. Iyaye kuma, zazzaɓin da ya kai kwana 5 ga jan ido ga tsagewar leɓe, a kai yaro wurin likitan yara a ranar.

Daga wata kaka,
Tudun Wada, Zariya