Jarumtar da Ba a Mantawa da Ita a Wasannin Bidiyo

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da manyanmu suka yanke wa hukunci tun kafin su san abin da ke cikinsa, wato wasannin bidiyo masu dogon labari, waɗanda mai wasa yake shiga rigar jarumi ya bi shi daga farko har ƙarshe a cikin duniyar almara mai cike da dodanni da matsafa da sarakuna. A majalisarmu ta bayan la'asar a Mabera, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce babu abin da yaro ke koya a cikinsu sai sara da suka. Ban musa masa a gaban jama'a ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce, amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda na san abin da masu wasan suke tunawa bayan shekaru, kuma ba yawan waɗanda suka kashe ba ne.

A shekarar 2007 kamfanin Square Enix na ƙasar Japan ya fitar da Crisis Core: Final Fantasy VII a kan ƙaramar na'urar hannu ta PSP. Jaruminsa, Zack, babban soja ne na kamfanin Shinra, wanda iyayen gidansa suka ci amanarsa, aka kulle shi shekara huɗu ana gwaje-gwaje a jikinsa tare da wani ƙaramin soja mai suna Cloud. Da ya samu ya tsere, bai tafi shi kaɗai ba, ya ɗauki Cloud wanda guba ta riga ta gusar masa da hankali, ba ya magana, ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, ya yi ta ɗawainiya da shi har suka hango birnin Midgar, inda budurwar Zack, Aerith, take jiransa. Wasiƙu 89 ta rubuta masa, ta ƙarshen ce kawai ta iso hannunsa. A nan bakin gari ne rundunar Shinra ta tare hanya, sai ya ɓoye abokinsa a bayan dutse, ya fito shi kaɗai.

Abin da ya sa wannan wuri ya fi ƙarfin a kira shi kallo shi ne, ba a karɓe na'urar daga hannunka ba. Kai ne kake danna maɓallai, kai ne kake kai sara, sojoji suna faɗuwa wasu suna ƙaruwa, kuma fuskokin abokan Zack da suke juyawa a gefen allo tun farkon wasan suna ba shi ƙarfi sai su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage fuskar Aerith kaɗai. Bayan an sake fitar da wasan a 2022, na zauna da ɗan yayata wani dare na hunturu yana buga wannan yaƙi, kowannenmu lulluɓe da bargo. Sau uku yana komawa baya, yana zaton shi ne ya yi kuskure. Daga ƙarshe ya juyo ya ce, "Kawu, ko akwai makamin da ban ɗauko ba?" Na ce masa, "Babu, ɗana, haka aka tsara shi." Ya yi shiru yana kallon Zack kwance cikin ruwan sama yana miƙa wa Cloud takobin da shi ma ya gada daga malaminsa Angeal, kuma yaron da ba ya rabo da surutu bai sake cewa uffan ba har muka kwanta.

Tun kafin wannan, a Final Fantasy V na 1992, an yi irin wannan hikima da kayan aiki marasa ƙarfi. Galuf, tsohon sarki, ya tsaya gaban matsafi Exdeath domin ya ceci jikanyarsa Krile da abokan tafiyarsa. Ma'aunin ransa, wanda yara suke kira jini, ya sauka har sifili, kuma a dokar wasan duk wanda ya kai nan ya faɗi, amma tsohon ya ƙi faɗuwa, ya ci gaba da faɗa har ya kori abokin gaba. Bayan ƙura ta lafa sai aka ga abokansa suna zuba masa kowane magani da mai wasa ya saba tayar da wanda ya faɗi da shi, babu wanda ya yi aiki. Haka ma tsoho Vesemir a The Witcher 3 na 2015, wanda ya zaɓi mutuwa da a ce yarinyar da ya yi rainonta ta miƙa kanta ga abokan gaba saboda shi.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zama baƙon abu a gare mu ba. Ba ina haɗa wasa da tarihin magabata ba ne, Allah ya tsare, amma mun san cewa a watan Maris na 1903 Turawa ne suka yi nasara a Giginya, kuma duk da haka waɗanda muke ambata da girmamawa su ne mutanen da suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gudu, alhali sun ga abin da ke tafe. Wanda ya tashi da jin wannan labari zai gane dalilin da ya sa yaro yake riƙe Zack a zuciyarsa, ya manta da ɗaruruwan dodannin da ya kayar a hanya.

Dattijon nan yana da gaskiyarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Na ga yaran da wasa ya hana su sallah a kan lokaci, ya hana su bitar karatu, kuma The Witcher 3 da na ambata wasan manya ne, mai tsiraici da zubar da jini, wanda a Turai aka ƙayyade shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama, ba kuwa zan bar ɗan yayata ya taɓa shi ba. Sai dai uban da yake yi wa dukkan wasanni kuɗin goro ba zai iya zaɓar wa ɗansa mai kyau ba, kuma ba zai taɓa tambayarsa me ya sa jarumin ya tsaya ba.

Saboda haka nake roƙonka da ka ware ɗan shafi, ko sau ɗaya ne a wata, inda wanda ya san harkar zai bayyana wa iyaye da Hausa labarin da ke cikin wasannin da ake sayarwa a shagunanmu, da ma'anar lambar shekarun da ke jikin kwalinsu. Idan ka buɗe wannan shafi, a shirye nake in aiko da rubutun farko, kuma ni da kaina zan kai wa dattijonmu jaridar har majalisa.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.