Masu hawan keken VTT a Maradi, dan Allah ku tausaya ma gwiwoyinku

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da sauran ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in yi magana da samarinmu masu hawan keken nan mai kaurin taya da giya wanda mu nan Nijar muke ce ma VTT, da iyayensu, da kuma 'yan kasuwar da ke shigo mana da kaya, a kan maganar makarin gwiwa, wato abin da ake ɗaurawa don kare gwiwa in an faɗi.

Abin dai ya karɓu yanzu a Maradi, safiyar Lahadi sai ka ga yara ayari guda sun ɗau hanyar Madarunfa ko Tibiri, wasu su sauka daga gudron su bi hanyoyin gona, wasu har cikin gulbi suke gangarawa in ruwa ya janye, kuma wallahi abin yana birge ni don ya fi zaman fada nesa ba kusa ba. Da yawa sun fara sa hular kwano, madalla da haka. Amma in ka dubi ƙafa sai ka ga gajeren wando ne kawai, gwiwa a fili ba komai a kanta, kuma ita ce ke fara isa ƙasa.

Na san abin da za su ce, wai ai mu ba mu da duwatsu, nan ba Ayar ba ce da ake maganar dutsen Bagzan mai tsawon sama da mita 2000, me za a yi da makarin gwiwa a ƙasar da take shimfiɗe. Gaskiya ne ba mu da tsauni, amma muna da jar hanya mai tsakuwa, muna da kwazazzabai da ruwan damina ke yankawa a bakin gulbi, sannan ga yashin nan da ke kwance tsakiyar hanya baka ankara ba sai tayar gaba ta nutse ta karkace, kai kuma ka wuce ta gaba. Duk wanda ya taɓa ganin gwiwar da ta gurzu a kan jar tsakuwa ya san me nake nufi, fata ta saluɓe, ƙananan tsakuwoyi sun shige cikin nama, sai an kai likita an wanke an tsince su ɗaya-ɗaya ana zuba Betadin yaro na ihu. Kuma ciwon gwiwa ba ya saurin warkewa don duk sanda ka lanƙwasa ƙafa fatar wurin sai ta ja, ɓawon ya tsage ya koma ɗanye. Mutum ya yi sati da satittika yana sallah a zaune don sujada ta gagara, zaman tahiya ma haka, hawa bayan kabu-kabu ya zama aiki. In kuma tsautsayi ya sa ƙoƙon gwiwar ne ya bugu da dutse ya tsage to maganar ta wuce ta ɗaurin bandeji, sai hoto, sai filasta ko ma aiki.

To shi makarin ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. Akwai mai ƙoƙon roba mai tauri a waje da maɗaurai biyu ko uku, irin na masu gangarowa daga kan tsauni a guje, yana da kariya sosai kuma in ka faɗi yana zamewa a kan ƙasa maimakon ya cije, sai dai nauyi gare shi, ga zafi, ga shi yana gurzar bayan gwiwa in ka daɗe kana tuƙi. Akwai kuma mai laushi da ake zurawa kamar safa, da wani faifai a ciki daidai kan gwiwa. A ganina wannan na biyun shi ne namu, don mu tafiyarmu ta tuƙi ce mai nisa a fili ba gangara ba, ƙafa na juyawa ba hutu, kuma makarin da ya dame ka har ka cire shi ka rataya a kan keke bai tsare maka komai ba ko nawa ka saye shi.

Faifan da ke cikin masu laushin nan ba soso ba ne irin na katifa. Wanda aka fi sani shi ne D3O na wani kamfanin Ingila, launin lemu gare shi, akwai SAS-TEC na Jamus, kamfanin POC na Suwidin kuma nasu VPD suke kiransa. Yadda suke aiki, duk wanda ya taɓa dama sitacin rogo da ruwa ya yi kauri zai gane, in ka tura yatsa a hankali sai ya nutse, in ka buga da ƙarfi sai ka ji ya ƙame. Haka faifan yake, kana tuƙi yana lanƙwasawa tare da gwiwa, da ka bugu da ƙasa sai ya taurare a wannan ƙiftawar idon ya baza ƙarfin bugun a faɗin wurin maimakon ya taru a kan ƙashi. Shi ya sa in ka je saye ka matsa shi da hannu ka ji laushi kar ka ce ba shi da kirki. Wanda ba shi da kirki shi ne irin na 'yan wasan ƙwallon raga ko na masu tsaron gida da ake sayarwa a shagunan kayan wasanni, soso ne zalla cikin yadi, an yi shi don faɗuwa a kan siminti mai santsi ko ciyawa, jar tsakuwa kuwa yaga shi take yi tashi ɗaya.

Sai maganar tambari, wadda nake roƙon kowa ya karanta da kyau. In ka juya makarin kirki, ko ka zaro faifan daga aljihunsa, za ka ga an buga CE da EN 1621-1 da ɗan hoton mutum a kan babur. Wannan ƙa'idar Turai ce da aka yi asali don masu babur amma masu ƙera kayan keken dutse su ma ita suke bi. Gwajin shi ne a sako ƙarfe mai kilo 5 a kan faifan a auna ƙarfin da ya ratsa ya isa ƙasansa, da ma'aunin ƙarfi da ake kira kilonyuton, in matsakaicin bai wuce 35 ba to mataki na 1 ne, in bai wuce 20 ba mataki na 2 ne, wato na 2 ya fi tsare bugu amma galibi ya fi kauri da zafi. Harafin K na nufin na gwiwa ne, in ka ga E to na gwiwar hannu ne kar a haɗa ka da shi, sannan A ƙarami ne B ya fi rufe wuri. Akwai wata ƙaramar alama da ba kowa ke lura da ita ba alhali mu ta fi shafa, wato T+, ma'anarta an sake gwada shi a zafin digiri 40. Irin wannan roba zafi na ƙara mata laushi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne a garin nan, don haka in ka samu mai T+ kar ka bar shi. In kuma EN 14120 ka gani to wannan na masu takalmin taya ne, ya fi babu ga ƙaramin yaro da ke zagaye cikin unguwa amma ba shi ake nufi ba.

Duk da haka ni a wurina awo ya fi tambari muhimmanci, don sau da yawa in gwiwa ta ji ciwo da makari a ƙafa, zamewa ya yi. Mutum ya faɗi, ƙasa ta ja makarin ƙasa zuwa ƙwauri ko ya juya gefe, gwiwa ta ci ƙasa kamar bai sa komai ba. Kar ka yarda da harafin S ko M ko L kawai don kowane kamfani da nasa awon, M ɗin Fox ba lallai ya zama M ɗin Leatt na Afirka ta Kudu ko na G-Form ba. Je wurin tela ka ari tef ɗinsa, auna kaurin cinya kamar santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa, auna kuma kaurin sha raɓa, ka rubuta a waya, in wani za ka aika ya sayo maka daga Yamai ko Kano ko ƙasar waje to lambobin nan za ka tura mishi ba cewa za ka yi ni matsakaici ne ba. In kuma a gabanka yake, sa shi, tsuguna ka miƙe sau da yawa, hau keke ka zagaya, sannan ka kama shi da hannu ka ja ƙasa da ƙarfi, in ya sauka cikin sauƙi to a hanya ma haka zai yi. Ka duba bakinsa na sama ta ciki ko akwai layin roba mai kama fata, kuma ya kasance dogo ta sama har wando ya rufe bakin, irin wannan ya fi zama daram. Ta ɗaya ɓangaren in ka ji ƙafa na yin sanyi ko tana mutuwa, ko ka cire ka ga ya bar maka zane mai zurfi, to ya matse da yawa, jini yake tarewa. Bayan gwiwa kuma ya zama yadi mai ramuka ko a buɗe gaba ɗaya, in ba haka ba zufa da ƙura za su haɗu su gurje maka wurin tun kafin ka kai Safo.

Iyaye kuma dan Allah, wannan ɗabi'ar tamu ta sayen babba wai yaro zai girma ya cike shi, a riga da takalmi ta yi, a nan ba ta yi ba.

Na san kuɗi ne matsalar, sabo mai tambari yana da tsada ga ɗan lakwal ko mai koyon sana'a, shi ya sa da yawa sai a bosho suke tsinta. Ni ban hana ba, ana dacewa da na kirki a cikin dila, sai dai a bincika. Zaro faifan ka lanƙwasa shi a rana ka duba, in ya tsattsage ko yana marmashewa ko ya ƙame ya zama kamar katako to ya gama aiki, ajiye musu abinsu. In faifan lafiya lau ne robar yadin ce ta saki, wannan mai sauƙi ne, telolinmu za su iya rage shi ko su ƙara maɗauri mai manne-manne sama da ƙasa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a yanko soson kujera a cusa a ce an gyara. Kuma a yi hattara da jabu, don buga CE a jikin yadi ba wuya gare shi ba, na gaske rubutun a jikin faifan kansa yake da mataki da harafi duka.

Wajen kula da shi ba wani dogon zance, a cire faifan in yana ciruwa, a wanke yadin da ruwan sanyi da sabulu, a shanya a inuwa, kar a bar shi kan kwanon ɗaki ko cikin but ɗin mota da tsakar rana.

Abu ɗaya da ba na so samari su ruɗe a kai, makarin nan bugu da gurzuwa yake tarewa, ba ya hana gwiwa murɗewa, in ka dire ƙafa ba daidai ba jijiyoyin ciki za su iya tsinkewa ko me ka ɗaura. Don haka kar wani ya sa shi ya ga ai shi kenan ya samu lasisin faɗawa kowane rami. Kuma ba ya maye gurbin hular kwano, in kuɗinka na abu ɗaya ne to fara da kai, gwiwa ta biyo baya, sai safar hannu don tafi ma yana cin ƙasa. Wanda ya riga ya ji rauni a hanyar da dabbobi ke bi kuma ya je a duba mishi maganar allurar tetanos, kar ya tsaya shafa man birki ko toka.

Roƙona ga alhazanmu masu shigo da kekuna da kayan gyaransu a babbar kasuwa, yadda kuke cika shago da taya da tib da sarƙa, ku riƙa haɗowa da makarin gwiwa mai tambarin gaske, awo daban-daban har da na yara, ku kuma bar mai saye ya gwada a ƙafarsa kafin ya biya. Manyan da ke jagorantar ayarin Lahadi su ma su riƙa duba ƙafar ƙannensu kafin a tashi kamar yadda suke duba iskar taya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu, a gaida mutanen ofis.

Naka mai karatu a kullum,
daga unguwar Zariya, Maradi.