Yaushe ungulu za ta koma gidanta na tsamiya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata tsuntsuwa da ba ta da farin jini ko kaɗan, wato ungulu, wadda ta ɓace daga sararin samaniyar birnin Kano ba tare da an ji kowa ya yi cigiyarta ba.

Ni ɗan mahauta ne, kuma a gindin kwata na tashi, wajen Ƙofar Mazugal. A lokacin ƙuruciyarmu, da hantsi ya dubi ludayi aka gama fiɗa, sai ka ga ungulaye sun yi sahu a kan katanga da rufin kwano, sun saki kafaɗu kamar masu zaman makoki, suna jiran a zubar da abin cikin tumbi. Idan aka watsa musu guntun hanji, fuskar nan tasu mai sanƙo takan yi jawur saboda zumuɗi, su taho suna tsalle-tsalle, mu kuwa yara mu kore su da kara, su ja da baya taku biyu su dawo. Kafin azahar babu ɓurɓushin nama da ya rage a ƙasa. A Babbar Sallar da ta wuce na yini a ƙofar gida, unguwa cike da yanka, ban ga ungulu ko ɗaya ta yi jewa ba, sai shirwa da hankaka. Da na yi maganar, jikana ɗan shekara goma ya ce shi bai taɓa ganinta ba sai a waya.

Lamarin bai tsaya ga Kano ba. Tun shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Babba a cikinsu shi ne fataucin sassan jikinta, domin ana neman kanta da ƙwanta da gashinta don haɗa magani ko asirin neman sa'a da kuɗi, abin da ya mayar da tsuntsuwar da ake kora da kara ta zama haja mai tsada. A farkon shekarar 2020 an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 a ƙasar Gini Bisau, an ba su guba, da yawansu an yanke musu kai. Sai kuma mushen da ake barbaɗa wa maganin ƙwari don kashe kura ko karnuka, wanda ungulu kan riga kowa sauka a kansa, ta mutu garke guda. A cikin birni kuwa mun sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu, rimi da tsamiya da maɗaci, mun gina shaguna a gurbinsu. Dole kuma in faɗi gaskiya game da sana'armu: yau a mahauta ba a zubar da komai, jini ana dafa shi a busar don abincin kaji, ƙashi da ƙaho kowanne da mai sayensa, don haka ko ta zo ba ta da rabo.

Abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar gyara shi ne ungulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, sannan iyaye su ci gaba da ciyar da ɗan tsakon watanni bayan ya fara tashi. Wanda ya hau bishiya ya ɗauke ƙwan nan ya cinye wa ungulaye biyu wahalar shekara guda cur.

Na san akwai mai cewa, to sai me, ai ƙazama ce, an huta. Ga irin wannan mutum nake kawo labarin ƙasar Indiya. Daga shekarun 1990 ungulayensu suka riƙa mutuwa har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in suka ƙare, daga baya aka gano cewa wani maganin rage zafin ciwo da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, shi ke lalata musu ƙoda idan sun ci mushen. Gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu haɗari, don haka cutar da ta shiga cikinta ta isa maƙabarta, kare da ɓera kuwa yawo suke da ita gida-gida. Duk wanda ya bi ta wata bola a Kano da damina, ya ga matacciyar akuya ta kumbura kwana uku ƙudaje na bi, ya san aikin wa aka rasa.

A Nepal, maƙwabciyar Indiya, mutanen ƙauye ne da kansu suka tashi. Suka ware fili a gefen daji, suna karɓar tsofaffin shanun da masu su suka gaji da su, suna kula da su har su mutu don kansu, sannan a tabbatar babu wancan magani a jikinsu a ajiye wa ungulaye. Tsuntsayen suka dawo suka yi sheƙa a itatuwan kusa, har baƙi suna zuwa kallo suna biya. Al'adarsu daban da tamu, mu ba ma barin saniya ta mutu mushe da gangan, amma darasin da na ɗauka shi ne wurin suka gyara ta dawo da fukafukanta.

Abin da nake ganin ya dace da Kano ke nan, kuma ba ya bukatar kwangila. Har yanzu akan ga ɗaiɗaiku a wasu garuruwan karkara da dazuzzuka, kuma tsuntsu ne mai cin nisa wajen neman abinci, idan ya sami aminci zai gano hanya. Ina kira ga Sarkin Fawa da shugabannin mahauta, a birni da manyan kasuwannin dabbobi irin na Wudil da Ɗambatta, su ware wani lungu nesa da inda ake sayar da nama, inda za a riƙa ajiye abin da likitan dabbobi ya tabbatar ba shi da guba, su kuma hana kowa ɗana tarko a wurin. Mahauta sun fi kowa sanin fuskokin masu zuwa tambayar ungulu, kuma kalmar Sarkin Fawa a kwata ta fi takardar ofis kaifi.

Wurin da maganar ta fi nauyi shi ne wajen masu maganin gargajiya, kuma ba na goyon bayan a fara da kame da tozartawa, domin abin da za a samu kawai shi ne cinikin ya koma ƙarƙashin tabarma, farashi ya hau. Dokar da ta hana cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa tana nan a Najeriya tun 1985, an kuma ƙara mata tsanani a 2016, amma ba ta hana ba. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta ɗauki wata hanya, tana zama da masu magani a kan su koma ga saiwa da sassaƙe a maimakon sassan ungulu, kuma a ganina wannan ce hanyar da za ta ɓulle, domin mutum ya fi saurin barin abu idan abokin sana'arsa ne ya nuna masa madadinsa. Malamanmu ma suna da abin faɗa a kan mumbari, tunda aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, ga kuma hukuncin neman arziki ta hanyar tsafi wanda ba sai na tsaya bayani ba.

Saura itatuwa. A unguwarmu akwai wata tsohuwar tsamiya a bayan masallaci da wani ya so sarewa bara don ya faɗaɗa shago, dattawa suka je wajen mai unguwa aka hana, ba don ungulu ba, don inuwar masu jiran sallah. Da masu unguwanni za su san kowace doguwar bishiya da ke yankinsu, su ce ba a taɓa ta sai da izininsu, da an yi rabin aikin. Ɗaliban nazarin halittu na Jami'ar Bayero kuma za su iya zagayawa da rani, lokacin da ungulu ke sheƙa, su ƙirga abin da ya rage, domin a san daga ina za a fara.

Roƙona na ƙarshe ga masu karatu ne. Duk wanda Allah ya nuna masa sheƙar ungulu a garinsu, don Allah kada ya ɗauki hotonta ya sa a Facebook da sunan wurin, domin masu neman ƙwan ma suna da waya. Ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su san wanda za su ɗora wa amanar bishiyar har ɗan tsakon ya tashi.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mahauci,
Ƙofar Mazugal, Kano.